Ranar da Muka Shirya Jan Jirgi

Ina ɗan shekara 11 aka ba mahaifina aikin jan wani babban jirgin ruwa daga Yawuri zuwa madatsar Tiga ta ƙasar Kano. Mai jirgin masunci ne, ba shi da wata dukiya sai shi.

Ana gobe tafiya muka soma shiri. Muka kwalfe ruwan cikinsa don ya rage nauyi. Majiya ƙarfi suka tura shi bisa tirela, aka ɗaure shi tam da sarƙa. Baba ya auna tsayinsa da gora saboda wayoyin lantarki, ya gwada burki, ya rataya jan ƙyalle a baya.

Ni kuwa aka ba ni sufana in duba notin tayoyi. Gajiya ta kama ni, na tsallake taya ɗaya. Daren nan na kasa barci. Da asuba na ce, "Baba, akwai wadda ban duba ba." Muka je, sai ga noti biyu sun kwance!

Baba ya ɗaure su, ya ce, "Da ka yi shiru, da jirgin mutane ya kife a kan tudu."

Muka isa Tiga lafiya. Tun daga ranar ban ƙara ɓoye aikin da ban gama ba.