A Ingila tsohon babur ritaya yake yi, a Kano aiki yake ci gaba da yi

A bayan gidaje da yawa a Ingila akwai wata 'yar rumfar katako da ake ajiye kayan lambu. A nan magidanci kan shige ranar Asabar, sanyi na kaɗa shi, ya tasa tsohon babur a gaba, wanda wataƙila ya girme shi. Zai kwance shi kaf. Kowane noti sai ya ɗauki hotonsa da waya, ya jefa a leda, ya rubuta inda ya fito. Tankin da ya yi tsatsa a jiƙa cikinsa da ruwan tsami, firam a kai fenti, kafireto a wanke shi tas. Littafin Haynes, mai nuna yadda ake kwance kowane samfuri da hotuna, yana buɗe a gefe, duk ya sha baƙin mai. Aikin kan ci shekara ko fiye, kuma sau tari kuɗin da aka kashe sun zarce darajar babur ɗin.

Masu wannan sha'awa sun rabu biyu. Akwai masu son a mayar da babur yadda ya fito daga kamfani, har launin fenti. Su ne ke cika kasuwar tsoffin kaya ta bikin babura na Stafford, suna laluben murfin fitilar babur ƙirar BSA ko sifana mai awon Whitworth, domin sifanun zamani ba sa kama notin tsoffin baburan Ingila. Ɗaya ɓangaren kuwa yanka suke yi. Sun gaji samarin da ke taruwa a shagon shan shayi na Ace Cafe da ke Landan a shekarun 1950 da 1960, waɗanda burinsu shi ne babur ya kai mil 100 a awa. Don haka sai su sauke kan babur ƙasa, su rage kujera ta zama ta mutum ɗaya, su cire duk abin da ke ƙara nauyi. Wasu har sukan ɗora injin Triumph a firam ɗin Norton, su kira shi Triton.

Doka ma tana gefensu. Babur ɗin da ya haura shekara 40 ana iya yi masa rajistar kayan tarihi, a yafe masa harajin hanya da gwajin lafiya na shekara-shekara. Sai dai wanda ya yi wa nasa babban sauyi cikin shekara 30 da suka wuce ba ya samun rangwamen gwajin.

A Kano ko Maraɗi wa zai zauna yana wannan a gida? Bakanike na bakin titi, kuɗin aikinsa bai kai na takwaransa na Landan ba ko kusa, kuma cikin yini guda zai sauke inji, ya sa sabon fistin da ringi, ya tayar. Kayan gyara kuwa a nufi kasuwar Ƙofar Ruwa in a Kano ne, ko Panteka in a Kaduna ne. Kwaskwarimar ma manufarta daban: mai walda ya ƙarfafa kariya don buhu da jarka, a ƙara wa kujera soso da tsawo, a liƙa sitika. Bature na rage wurin zama, namu na neman inda zai ɗora mutum na uku.

Abin dariyar shi ne Honda CG125. A 1975 kamfanin ya fito da shi musamman don ƙasashe masu tasowa, da inji mai jure rashin kulawa, kuma baburan Sin da yawa da suka cika titunanmu shi suka kwaikwaya. Yau shi ne masu koyon yanka a Ingila ke fara gwada hannu a kansa, saboda arha da sauƙin kwancewa.

Ta fuskar gwaninta makanikanmu ba su da abin jin kunya. Wanda ke gane ciwon inji daga ƙararsa ba ya buƙatar Haynes. Inda aka bar mu a baya shi ne adanawa. Vespar da malaman makaranta da ma'aikata suka yi yayi a shekarun 1970 da 1980, da yawansu sun ƙare a sikelin 'yan gwangwan. Mai irinta a zaure, kafin ya kira su, ya fara kai ta wurin tsohon bakanike ya duba.