Kafintan Gawon Nama

Jama'a, ni ba ni da labarin yaƙi ko na doguwar tafiya, sai na wani tsohon kafinta da muka yi maƙwabtaka da shi a Gawon Nama, cikin Sakkwato, ba nisa da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Kirista ne. Ubansa ya yi jinyar kuturta a Amanawa, inda 'yan Mishan na S.I.M. suka karɓi aikin magani a 1937. Can ya shiga addininsu, can kuma aka haifi tsohon nan. Baba muke ce masa, shi kuwa Malam yake ce mini tun ban san komi ba.

Na fara lura da shi ne cikin samu. A 2022 wata makaranta ta ba shi aikin bencina, ya sami kuɗin da bai taɓa riƙe irinsu ba. Unguwa ta zuba ido a ga babur ko sabuwar riga. Ina! Ya fid da ushiri ya kai majami'a, ya biya mai katako bashinsa, ya sayi gero buhu biyu, ya toshe rufin ɗakinsa da ke yoyo. Shi ke nan. Rigar jiya ita ce ta yau. Na ce a raina, wannan ai rowa ce.

Ba a daɗe ba sai rashi ya zo. Farkon 2023 aka yi canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsofaffin aka janye, sababbin ba su wadata ba, har mai kuɗi a banki ya kwana da yunwa. Ran 29 ga Mayu kuma aka cire tallafin man fetur, kome ya yi tsada. Wa zai sa a yi masa ƙofa alhali tukunyarsa ba kome? Aiki ya tsaya wa Baba cik. Ni ma ɗan abin da kawuna ya kan aiko mini ya yanke, na cika kunnen kowa da ƙorafi.

Ran nan da hantsi na iske shi a rumfarsa yana wasa kurfi, ba mai saye, ba mai tambaya. Na ce, "Baba, yaushe rabonka da aiki?" Ya ce, "Mako shida, Malam." Na ce, "To, wasin na mene ne?" Ya ce, "In Ubangiji ya aiko da aiki, kada ya tarad da kayana da tsatsa."

Na zauna. Sai ya ba ni labarin Manzo Bulus, wanda ya rubuta wa mutanen Filibi, wani birni na ƙasar Makidoniya, takarda yana cikin kurkuku, yana gode musu saboda gudummawar da suka aika masa. A ciki ya nuna musu ƙoshi da yunwa duka ya san su, kuma wadar zuci koyonta ya yi. Kalmar nan ta koyo ita ta tsaya mini, da yake sana'ar da ake horad da mu a kanta ke nan. Da ina zato ƙana'a hali ne da ake haihuwar mutum da shi, kamar tsawo ko gajarta. Ashe darasi ne, kuma ajinsa biyu. Na tuna malaminmu na allo ya sha karantad da mu ƙana'a da tawakkali, na haddace, amma ban taɓa zaunawa jarrabawarsu ba.

Duk da haka ban sakam masa ba. Na ce, "In kuwa Allah bai kawo ba fa?" Ya ajiye kurfin. Ya ce samari uku suka fara aikin Mishan ɗin da ya yi wa ubansa magani, suka sauka Ikko a 1893, ba wanda ya yanka musu albashi. Kafin 1894 ta ƙare biyu sun mutu, Walter Gowans da Thomas Kent, sai Rowland Bingham kaɗai ya koma gida. Ya ce, "Ka gani, dogara ga Allah ba ciniki ba ne, da za ka ce na biya, a ba ni kayana."

Ban ce na yarda da dukan abin da Baba ya gaskata ba, shi ma bai nema ba. Kuma lalle akwai masu fakewa da "Allah zai kawo" don su kwanta a inuwa, har cikinmu nan makaranta, kowa ya san kansa. Amma wanda ke wasa kurfi mako shida ba ya cikinsu. A ganina ma jarrabawar da ya ci a 2022 ta fi wuya, gama mai yunwa tilas ke taya shi haƙuri, mai ƙoshi kuwa ba mai riƙe masa hannu. Geron nan da na kira rowa, shi gidansa ya ci har damina, mu ma an miƙo mana kwano ta kan katanga ba sau ɗaya ba.

Cikin watan Yuli kawuna ya aiko da kuɗin wata uku a haɗe. Kashegari na tafi kasuwa na sayi takalmi mai ƙyalli, alhali nawa bai tsage ba. Da na zo wucewa ta rumfar sai na ji ƙafata ta yi nauyi. Baba ya ɗaga kai, ya duba, ya ce, "Malam, sun yi kyau, Allah ya sa a kashe lafiya." Ya koma kan wasinsa.