Ranar da Jiratawa ta ɓace mini

A shekarata ta uku a sashen nazarin harshe na tattara rubuce-rubuce kan yankin Maraɗi, wasu da Hausa, wasu da Faransanci, domin nazarin sunayen garuruwa. Wani abokin karatuna ya koya mini umarni guda a harshen Python, wanda ake tambayar kwamfuta da shi ko wani jerin haruffa yana cikin wani. Kalmar "in" ce ke yin aikin, amsa kuwa ba ta wuce i ko a'a.

Da sunan garinmu na fara, wato Jiratawa. A duk takardun Faransancin amsa ɗaya ta fito: babu. Raina ya sosu, har na soma rubuta cewa marubuta sun yi watsi da garin da gonakin ban-ruwansa ke kai kayan lambu kasuwar Maraɗi.

Sai da na buɗe takardun da kaina na ga sunan birjik, an rubuta shi Djiratawa. Ni a idona Jiratawa tana zaune cikin Djiratawa. A wurin kwamfuta kuwa babban J da ƙaramin j haruffa biyu ne, kowanne da lambarsa. Da na mayar da komai ƙananan haruffa kafin gwaji, garinmu ya dawo.

Ban gama murna ba sai Maraɗi ta yi mini haka. Mai lanƙwasa daban, Maradi marar lanƙwasa daban, domin a tsarin Unicode ɗ ba d ba ce. Kalmar ƴaƴa ma ta rabu biyu: mu a Nijar da ƴ muke rubuta ta, a Nijeriya kuwa da 'y. Tibiri ita akasin haka ta yi, ta haɗo mini Tibirin Gobir da Tibirin jihar Dosso wuri guda.

Na yi tunanin share lanƙwasa gaba ɗaya don in huta, amma na tuna ƙasa za ta koma kasa, ɓata ta koma bata. Don haka na ajiye rubutun asali yadda yake, na tsara jerin duk siffofin da suna guda ke iya ɗauka, na riƙa gwada kowace.

Ƴan'uwana ɗalibai, in kwamfuta ta ce muku babu, ku buɗe takardar ku duba yadda aka rubuta kalmar. Saura kaɗan in miƙa wa malamina sakamakon da ya share garin da aka haife ni.