Zuwa Aujara da Akori-kurar Kawu

Bayan kaka, da hunturu ya fara busawa, kawuna ya ce in raka direbansa Aujara mu kwaso riɗin da wakilinsa ya tara masa. Ba don na san mota ya zaɓe ni ba. Ni nake riƙe masa littafin kuɗi, kuma littafin ya fara nuna abin da ba ya so: kuɗin gas na ta hawa, zirga-zirga kuwa tana nan yadda take. Direba na cewa motar ce. Kawu bai ce komai ba, amma duk wanda ya ga yadda yake kallon direban ya san abin da ke ransa.

Motar tsohuwar Hilux ce mai injin 5L, lita 3, marar tobo, giya biyar ta hannu, mai jan taya huɗu. Wani bakanike a Dutse ya riga ya yanke mata hukunci ba tare da ya shiga cikinta ba: a sauke giyabos a sayo na Beljiyam a Kofar Ruwa, a kuma cire famfon gas a kai Kano a yi masa saiti. Kuɗin da ya ambata ya kusa cinye ribar riɗin bana gaba ɗaya, shi ya sa kawu ya ce a dakata tukuna.

Muka fita bayan sallar asuba. A gidan mai na sa aka cika tanki har wuya, na rubuta lambar da mitar tafiya ke nunawa. Wannan ne kaɗai ma'aunin da na yarda da shi, domin lissafin naira yaudara ne. A 2021 litar gas ba ta kai naira 300 ba, a 2022 ta doshi 800, zuwa farkon 2024 ta haura 1,000. Mai mota da ke cewa "da dubu kaza nake zuwa Gujungu in dawo" farashi yake aunawa, ba injinsa ba. Lita nawa, kilomita nawa, shi ke nan. Irin wannan mota idan lafiyarta ƙalau, lita 10 ko 11 kan kai ta kilomita 100 a kan kwalta.

Duwatsun Dutse da bishiyoyin dabino suka ɓace a bayanmu cikin hazo. Muka bi ta Shuwarin, muka hau babban titin Kano zuwa Maiduguri har Kiyawa, sannan muka karya zuwa Jahun. Motar ba kaya, tana tafiya lami lafiya, sai dai na lura da abu biyu. Da sassafe giya ta biyu ba ta shiga sai direba ya yi mata da ƙarfi. Kuma ƙafarsa ta hagu ba ta sauka daga kan kuloci, tana nan a ɗore ko muna gudu a miƙaƙƙen titi. Na yi shiru, don ya girme ni, kuma ba a koya wa direba tuƙi yana riƙe da sitiyari.

Daga Jahun muka wuce Aujara. Riɗin ba a cikin gari yake ba, yana wani ƙauye da sai an sauka daga titi an bi hanyar amalanke, rairayi zalla. Direba ya sauka ya murɗa makullan tayoyin gaba, ya sa ƙaramar giya, muka kutsa. 'Yan dako suka yi ta lodi har bayan motar ya zauna, aka ɗaure da igiya. An ƙera ta ne ta ɗauki kusan tan 1, amma a nan ba wanda ke tambayar wannan, sai dai a ce "akwai sauran wuri".

A dawowa ne ta tona asirin kanta. A cikin rairayi direba ya riƙa taka kuloci rabi yana ba ta wuta, wani wari mai ɗaci kamar na ƙonannen gashi ya cika mana hanci. Da muka hau titi ya sa ta huɗu ya taka totur, inji ya ɗauki kuka, allurar gudu kuwa ta ƙi motsi. Baƙin hayaƙi na bin mu a baya. Da ƙyar muka lallaɓa muka koma cikin Aujara.

Bakaniken da aka nuna mana dattijo ne, garejinsa inuwar maina ce da wata rumfar kwano. Aikinsa yawanci tarakta ne da injin niƙa da injin ban ruwa, wato duk abin da ke shan gas a wannan yanki. Bayan gaisuwa direba ya fara karanto masa hukuncin Dutse. Dattijon ya ɗaga hannu.

"Tsaya, ɗana. Kashe ta tukuna."

Ya shiga ya zauna, inji a kashe, ya bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya. Duk suka shiga. Ya tayar da ita, ya ja birkin hannu, ya sa ta huɗu, ya saki kuloci a hankali. Mota mai lafiya nan take za ta mutu, don injin ba shi da inda zai kai ƙarfinsa. Tamu ta ci gaba da ruri, ƙafarsa a ɗage, sai can ta mutu.

"Giyabos ɗinku bai yi laifin komai ba," in ji shi. "Faifan kuloci ne ke sulɓewa. Inji na juyawa, taya ba ta samu. Gas ɗin Alhaji a nan yake ƙonewa."

Sai ya durƙusa ya danna fedar kulocin da yatsa biyu. Tun daga sama a ƙage take, babu ɗan wasan nan da ya kamata a ji kafin ta fara aiki. Wani ya taɓa ƙara tsawon sandar da ke tura man kuloci, wai don giya ta riƙa shiga da sauƙi, sai ya zama faifan ba ya kamawa sosai ko an ɗage ƙafa. Ya kwance goro ɗaya da sifana, ya mayar da sandar baya kaɗan, ya ɗaure. Sannan ya dubi direba ya ce, ba tare da ɗaga murya ba, "Wannan fedar ba matashin ƙafa ba ce, malam." Direba ya yi dariyar yaƙe.

Na tambaye shi, "Baba, to giya ta biyun da ke ƙin shiga da safe fa?" Ya sa yaronsa ya shiga ƙarƙashi ya buɗe murfin man giya. Yaron ya zura yatsa, bai taɓo mai ba sai da ya lanƙwasa shi ƙasa, abin da ya fito kuma baƙi ne mai kauri. Ba wanda ya tuna ranar da aka canza shi. Ana juye baƙin mai na inji a kan kari, amma na giya sai a manta da shi har ya fara gunaguni, alhali lita biyu zuwa uku na 75W-90 ne kawai buƙatarsa.

Hayaƙin kuma daban ne. Dattijon ya buɗe gidan filtar iska, ya ciro ta, ya ɗaga ta saitin rana. Ko ɗigon haske bai ratsa ba. Ya buga ta a jikin taya, jar ƙura ta tashi ta rufe mana takalma. Injin gas da iska yake rayuwa: in iska ta yi kaɗan man ba ya ƙonewa duka, sai ya fita baƙi ta salansa, direba kuma ya ƙara taka totur don ya ji ƙarfi ya ragu. A hunturu, a kan hanyoyin Jahun da Miga, filta ba ta jiran wa'adin da kamfani ya rubuta. Ya kuma kwance ɗan famfon da ke ƙasan filtar gas ya tara kwalbar lemo. Da abin ya natsa sai ga ruwa kwance a gindi, kusan kaurin yatsa, gas na yawo a samansa. Nan direba ya amsa cewa yakan ƙara mai a wajen 'yan bumburutu idan dare ya yi masa a ƙauye. Dattijon ya shinshina kwalbar, ya ce har da kananzir, kuma shi ne ke cinye famfo da nozul a hankali, tunda ba shi da santsin da gas ke ba su.

Kafin mu tashi ya zagaya motar ya nuna makullan tayoyin gaba, har yanzu a kulle suke. Ya ce wasu direbobin haka suke barin su wata da watanni, taya na jan ƙarafan gaba a banza a kan kwalta. Ya sa aka ƙara wa tayoyin baya iska. Abu ɗaya ne suka yi musu a kai da direba: na'urar daidaita zafin inji, wadda aka cire tuntuni kamar yadda ake yi wa motoci da yawa a ƙasar nan, wai ta ƙasashen sanyi ce. Dattijon ya ce injin da bai yi ɗumi sosai ba ya fi shan mai, balle da sanyin asuba. Direba ya ce shi dai ya fi tsoron tafasa a watan Afrilu. A ganina dattijon ne da gaskiya, muddin lagireto a wanke yake kuma fanka na aiki.

Bai ɓoye mana ba cewa saitin da ya yi ba zai dawo da abin da ya riga ya ƙone ba. Faifan ya yi sulɓi, dole a canza shi, amma zai kai mu gida in mun rage kaya. Muka sauke kusan rabin buhunan a shagon wakilin kawu, muka sayi filtar iska a Jahun, muka iso Dutse ana kiran magariba. Na sa aka sake cika tanki na yi lissafi: shan man ya fi ƙa'ida, amma bai kai abin da littafi ke nunawa a watannin baya ba. Kawu ya duba takardar, ya yi waya Kofar Ruwa a aiko da faifan kuloci da murfinsa da boris, ya kuma ce daga yau direba ya riƙa kawo rasit na gidan mai da lambar mita a bayansa.