Wace Bebin?

A gidanmu na Runka, sunan yanka na liman ne da rajistar makaranta. Sunan da yaro zai tashi da shi a tsakar gida daga bakin kaka yake fitowa, kuma ba don daɗin faɗi take zaɓensa ba. Namijin da ya biyo bayan mata Tanko ne, macen da ta biyo bayan maza Kande ce ko Delu. Wanda ya zo bayan tagwaye Gambo, wanda ya daɗe a ciki Shekarau, wanda uwa ta rasu ta bari Talle. Baƙo zai zauna a zaurenmu ya ji ana kiran yara cin tuwo, kafin a ɗauke kwano ya san rabin tarihin gidan.

Matakan girma ma kowanne da sunansa muka taso muka tarar. Akwai jinjiri mai ɗanyen jiki wanda ko cibiya ba ta faɗi ba, akwai ɗan goye, akwai mai rarrafe, akwai mai tatata da ake riƙe wa hannu, sai kuma yayayye da ake kai wa kaka ya manta da nono.

Sai ga bebi ta shigo. Wurin awon ciki muka fara jin ta, daga baya fina-finai da wayoyin hannu suka ƙarasa kawo ta har ɗakin jego. Abin mamaki shi ne su kansu masu Turancin ba kalma ɗaya gare su ba. Sabuwar haihuwa suna ce mata “newborn”. “Infant” daga Latin ta fito, asalinta wanda bai iya magana ba. “Toddler” shi ne mai tatatanmu, daga tangaɗin tafiyarsa aka samo sunan. “Kid” kuwa, da suke kiran yaransu da ita ba tare da jin komai ba, asalinta ɗan akuya ne. Duk muka tsallake waɗannan muka ɗauki guda, muka ɗora mata kayan jinjiri da ɗan goye da auta, har da budurwa a waƙar soyayya.

Mun daɗe muna ɗora laifin a kan son burga, amma idan za a faɗi gaskiya, ta ƙofar alkunya bebi ta shigo mana. Uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari. Yarinyar da ta ci sunan suruka ba a kiranta gatsau, shi ya sa gidaje suka cika da Ummi da Mama da Abba. Matashiyar uwa na neman abin da za ta kira ɗiyarta da shi ba tare da ta ji nauyi ba, sai ga kalmar da ba ta taɓa mutuncin kowa.

Mu a kan 'yar ƙaninmu muka gane haka. Lokacin da hare-haren 'yan bindiga daga dajin Rugu suka tsananta a ƙauyukan Safana da Batsari, ƙaninmu ya kwashe iyalinsa ya koma Katsina. Inna ta ce ita ba inda za ta, a ɗakinta za ta jira abin da Allah ya rubuta. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da tamu. Cikin wannan shirun matarsa ta sauka. Mace aka samu, bayan biyu da suka koma tun ba a yaye su ba.

Ran suna aka yanka rago, aka mayar wa Inna sunanta. To da me za a kira yarinya? Mai sa laƙabi tana Runka, waya ba ta shiga, hanya kuma ba ta biyuwa sai da dalili mai ƙarfi. Matan gidan hayar suna shigowa suna tambayar yaya bebi, ta sha nono kuwa. Kafin a yi arba'in sunan ya zauna.

Sai da aka buɗe layi muka samu muka kawo Inna. Ta karɓi jikarta, ta tofa mata addu'a, ta tambayi sunan da ake kiranta. Aka ce Bebi. Ta ce, “Wace Bebin? Ai a layinku kaɗai na ji uku.” Ta juya yarinyar a cinya ta ce, “Wannan Ajuji ce.”

Ɗakin ya yi tsit. Duk mun san ma'anar. Suna ne na 'ya'yan wabi, ana nuna kamar an yar da yaro a juji, ba a damu da shi ba, ko mutuwa ta kau da kai. Uwar yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, “Inna, ki yi haƙuri. Kullum na kira ta haka, sai na tuna waɗancan.” Inna ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, “Ni kuma don kada a manta da su na faɗa, 'yar nan.”

Har yau ba mu yanke wa kowa hukunci ba. Mun ga abin da Bebi ta yi wa uwar: ta ba ta ɗiya wadda ba ta ɗauke da kabarin kowa a sunanta. Mun kuma ga abin da ake rasawa. Gidajenmu sun watse tsakanin Dutsin-ma da Katsina da Kano, kakanni a wani gari, jikoki a wani, kuma waɗannan sunaye su ne ɗan littafin da ya rage mana na wane ya biyo wane, wa aka rasa, wa ya tsaya.

Yarinyar tana nan, ta yi wayo, ta shiga Islamiyya. A Katsina Bebi ce. Idan an kira Runka aka miƙa mata waya, Inna ta ce “Ajujina”, sai ta amsa da ƙarfi. Kwanan baya ta tambaye mu me ya sa Inna kaɗai ke kiranta haka. Muka dubi uwarta. Ita ce ta jawo ta jikinta, ta fara gaya mata sunayen yayyenta biyu.