Tsakanin "In" da "Sai": Yadda Wasa Ƙwaƙwalwa Ya Haɗa Ni da Goggo

Duk ɗalibin da ya zauna ajin adabin baka a wannan sashe namu ya san cewa wasa ƙwaƙwalwa ɗan'uwan kacici-kacici ne, amma ba halinsu ɗaya ba. Shi kacici-kacici, in ka taɓa jin amsarsa ka mallake shi ke nan har abada, in kuwa ba ka sani ba sai ka ba da gari. Wasa ƙwaƙwalwa kuwa ba ya ɓoye maka kome. Yakan shimfiɗa maka sharuɗɗansa a fili, sa'an nan ya koma gefe yana kallon yadda za ka yi da su. Wanda muka fi sani tun muna yara shi ne na mutumin nan da zai ƙetare kogi da kura da akuya da damin harawa, alhali kwalekwalensa ba ya ɗaukar kowa sai shi da abu guda. In ya bar kura da akuya, kura ta yi kalaci. In ya bar akuya da harawa, harawa ta tafi. Sai ya ratsa kogin sau 7 kafin ya gama, kuma asirin abin shi ne ya yarda ya komo da akuyar da ya riga ya ƙetarar. Ba mu kaɗai ke da wannan wasa ba. Yana cikin wani littafin Latin da ake danganta wa Alkuwin, malamin fadar Sarki Sharlaman, wajen shekara ta 800, sai dai su kyarkeci ne da akuya da kabeji.

Da wannan ɗan sani nake tinƙaho har ranar da abokin ɗakina, wanda ke shirin jarrabawar ɗaukar ma'aikata, ya miƙo mini wata takarda ya ce in gwada. Irin tambayoyin nan ne na zaunar da mutane bisa sharaɗi, waɗanda masu ɗaukar aiki ke auna hankalin mai nema da su. A Amurka ma an daɗe ana sa irinsu cikin jarrabawar shiga makarantun koyon aikin lauya, sai a watan Agusta na 2024 aka cire su. Ga yadda tambayar take, na dai musanya sunayen da namu don sauƙin bi.

Mutum biyar ne, Audu da Bala da Cindo da Dauda da Garba, za su zauna a kan benci mai gurbi biyar, daga na 1 zuwa na 5. Sharaɗi na farko, Bala ba ya zama a bakin benci, watau ba ya zama a na 1 ko na 5. Na biyu, Cindo yana zama a gurbin da ke bin na Audu, ba kowa a tsakaninsu. Na uku, in Dauda ya zauna a na 1, to Garba zai zauna a na 5. Tambaya ta farko: Garba yana na 3, ina Dauda?

Mai karatu zai iya dakatawa nan ya gwada da kansa. Ni dai ga yadda na bi ta. Tun da Garba ya tsare tsakiya, Audu da Cindo ba su da wurin da za su jeru sai na 1 da na 2, ko kuwa na 4 da na 5. In suka ɗauki na 4 da na 5, saura na 1 da na 2 ga Bala da Dauda. Bala ba ya zaman baki, saboda haka Dauda ne a na 1. To amma zaman Dauda a na 1 yana tilasta Garba ya koma na 5, ga shi kuwa an ce yana na 3. Wannan hanya ta toshe ke nan. Saura ɗaya: Audu, Cindo, Garba, Bala, sa'an nan Dauda a na 5. Na ba da amsa cikin 'yan mintoci, na kuwa dace, har na fara yi wa abokina kallon ashe abin da ke hana ka barci ke nan.

Tambaya ta biyu ita ta kā da ni. Aka ce Garba yana na 5, ina Dauda? Ban ko ɗauki alƙalami ba na ce na 1. Abokina ya yi murmushi, ya rubuta mini: Audu, Cindo, Bala, Dauda, Garba. Ya ce in nuna masa sharaɗin da aka karya. Na duba sama na duba ƙasa, ban ga ko ɗaya ba. Da muka ƙididdige sai muka tarar jeri huɗu ne ke yiwuwa in Garba na na 5, biyu daga cikinsu ne kawai Dauda ke na 1. Amsar gaskiya ita ce ba a iya yanke wurinsa.

Abin ya tsaya mini a rai, ba don na faɗi ba, sai don kuskuren na harshe ne, ni kuwa harshe nake karantawa. Sharaɗin ya ce in Dauda na nan, Garba na can. Bai ce in Garba na can Dauda na nan ba. Ni na ƙara masa wannan daga aljihuna. Misalinsa a fili yake. In an yi ruwan sama, tsakar gida za ta jiƙe. Wanda ya fito ya ga tsakar gida a jiƙe ba shi da ikon rantsuwa cewa an yi ruwa, don mai yiwuwa tulu ne ya fashe. Amma wanda ya tarar da ita a bushe ƙurmus yana iya rantsewa ba a yi ba. Watau "in" ƙofa ce mai buɗewa ta fuska ɗaya, kuma hanyar komowa ta cikinta ita ce ta korewa: ba jiƙa, ba ruwa, Garba ba ya na 5, Dauda ba ya na 1. Da wannan korewar na ci tambaya ta farko ba tare da na san sunan abin da na yi ba.

To me ya sa hankali ke saurin juya sharaɗi? A ganina laifin sabo ne da maganar yau da kullum. In uwa ta ce wa ɗanta, "In ka share zaure zan ba ka ƙosai," yaron ya san sarai in bai share ba ba ƙosai, ko da yake ba ta faɗa ba. Masana harshe biyu, Michael Geis da Arnold Zwicky, sun yi rubutu a kan wannan ɗabi'a a 1971, suka nuna cewa mai sauraro yakan cike wa sharaɗi ɗaya ɓangaren da kansa. Abin sha'awa kuwa shi ne Hausa ba ta rasa kalmar da ke raba waɗannan ma'anoni ba. "In ka zo zan ba ka" dabam, "ba zan ba ka ba sai ka zo" dabam. Ta farko alkawari ce: zuwa ya isa ya jawo kyauta, amma ba a ce ba wata hanyar samu ba. Ta biyu shinge ce: ba samu sai da zuwa, amma ba a yi alkawarin wanda ya zo zai samu ba. Kowane almajiri ya san irin wannan sharaɗi na biyu, gama ba salla sai da tsarki, amma ba duk mai alwala ne ya yi salla ba. Malamanmu na zaure sun daɗe da wannan bincike a fannin manɗiƙi. Shi kansa Abdurrahman al-Ahdari, mai littafin Ahalari da ake fara karatun fiƙihu da shi, yana da wani littafin a kan manɗiƙi mai suna Sullam, inda ya yi bayanin jumlolin sharaɗi. Mu ne dai muka raba ajin nahawu da wannan fanni, kamar ba uwa ɗaya ta haife su ba.

Na ɗan sami sanyi da na karanta cewa ba ni kaɗai ke wannan tuntuɓe ba. A 1966 wani masanin halayyar ɗan'adam a Ingila, Peter Wason, ya fito da gwajin kati huɗu. Kowane kati yana da harafi a fuska ɗaya, lamba a ɗaya fuskar. A ce ana ganin E da K da 4 da 7, aka kuma kafa doka cewa in akwai wasali a fuska ɗaya, to lambar da ke bayansa mai rabuwa biyu ce ba saura. Waɗanne katuna ne tilas a juya don a gane ko an karya dokar? Yawancin mutane sukan ce E da 4, ko E kaɗai, alhali amsar ita ce E da 7, don bayan 7 ne wasali zai ɓuya ya karya doka. Wajen mutum ɗaya cikin goma ne ke dacewa. Amma a 1982, da Griggs da Cox suka mai da tambayar ta zama ta dokar shekarun da aka yarda mutum ya sha giya a can ƙasarsu, sai kusan kashi uku cikin huɗu na ɗaliban da aka gwada suka ci. Ginin tambayar bai sāke ba. Abin da ya sāke shi ne yanzu akwai mai laifin da za a kama.

Daga nan na ɗaura ɗamara. Na yi makonni ina bin waɗannan tambayoyi, na koya wa kaina ka'ida guda: kada ka ƙara wa sharaɗi abin da bai faɗa ba. Na iya zana gurabe, na iya fara cusa sharaɗin da ya fi ƙunci, na iya bin hanya har ta toshe in komo, kamar mai akuyar nan. Da wannan sabon ilmi na tafi hutu gida.

Ana cikin hutun aka yi mana rasuwa a Funtuwa, aka ɗauko shatar mota mai layi uku daga Zariya don zuwa gaisuwa. Mu bakwai ne ban da direba: Baffa, da Inna mahaifiyarmu, da Goggo ƙanwar mahaifinmu, da Yaya, da matarsa, da Hajiya mahaifiyar matar tasa, sai ni. Aka ce ɗan jami'a ya tsara zama. Na ji daɗi ƙwarai, don ga tambayar takarda ta fito da ƙafafunta. Baffa gaba, wannan ba gardama. Saura gurbi uku a tsakiya, uku a baya. Yaya ɗan fari ne, Inna ba ta ko kama sunansa, balle ta jeru da shi. Haka kuma ba zai zauna layi ɗaya da surukarsa ba. Saboda haka Inna da Hajiya layi ɗaya, na tsakiya, tun da ba a sa su hawa baya; Yaya kuwa baya. Matar Yaya ba za ta iya sakewa kusa da uwar mijinta ba, ita ma baya. Saura gurbi ɗaya a tsakiya da ɗaya a baya, saura ni da Goggo.

Sai Goggo ta gyara mayafi ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Ni dai in za a sa ni a baya, to sai a bakin taga."

Na auna maganar da ma'aunin da na koyo. Sharaɗi ne mai fuska ɗaya: in baya, to taga. Bai hana baya ba. Jeri biyu ke nan ke yiwuwa, kowanne halal a takarda. Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, ƙafafuna dogaye ne, layin baya kuwa matsattse. Na ce, "To Goggo, ga taga nan a baya." Ta dube ni sau ɗaya, ta tattara zanenta ta sunkuya ta shige. Ni kuwa na zauna kusa da Inna na miƙe ƙafa.

Tun daga Shika na fara jin shirun motar ya yi nauyi. Goggo mai yawan hira ce, amma har muka wuce Giwa ba ta ce uffan ba, ko da Hajiya ta waiwaya ta miƙa mata goro sai ta ce ta gode. Inna kuwa ta kafa idonta a kan hanya. Da muka sauka ta ja ni gefe ta ce, "Kai yanzu karatun naka bai gaya maka babba ba ya cewa ba na so ba?" Nan take na gane. Maganar Goggo siffarta ce kawai ta sharaɗi. Abin da take nufi shi ne kada a sa ta a baya, ta kuwa sakaya shi ne don ta bar wa yaro ƙofar da zai nuna tarbiyyarsa da kansa. Akwai kuma wani sharaɗi da ba wanda ya faɗa domin ba a zaci akwai mai bukatar a faɗa masa ba, watau yaro ba ya zama gaban uwarsa ita tana baya. A ɗakin kwanan ɗalibai na ƙara wa "in" abin da ba ta ce ba na faɗi. A bakin mota na ƙi jin abin da take cewa a sakaye, na kuwa yi faɗuwar da ta fi waccan ciwo, don waccan abokina kaɗai ya gani.

Har yanzu ina ganin amfanin tambayoyin benci, ina ma ganin ya kamata a riƙa kawo irinsu ajin nazarin ma'ana, a rubuta su da Hausa, a ga inda "in" da "sai in" da "muddin" da "ko da" za su rarraba ɗalibai. Sai dai mai tsara tambayar takarda ya yi alkawarin ya faɗi dukan sharuɗɗa, Goggo kuwa ba ta yi wa kowa wannan alkawari ba.

Da za mu komo, Inna ba ta jira ɗan jami'a ba. Ta tsaya a bakin mota ta ce, "Hajiya bismilla. Goggonsu, zo nan kusa da ni ki sha iska." Ta nuna mini baya da haɓa. Na shige na naɗe ƙafafuna, Yaya a tsakiya, matarsa a ɗaya tagar tana ƙunshe dariya. Goggo ta amsa gaisuwata ta sallama a ranar, amma sai da na kai mata turmin atamfa da ƙaramar salla kafin ta koma kirana da sunan da take kirana tun ina yaro.