Shekarun da ke Ɓoye a Idon Kifi

A Zuru, inda na tashi, haƙoran saniya ake dubawa a san shekarunta. Amma kifin shak na Girinlan, mazaunin ƙasan teku mai sanyi, ba shi da ƙashi mai taurin da zai nuna shekaru. Sai Julius Nielsen na Jami'ar Kofanhegen da abokan aikinsa suka koma ga idonsa, domin furotin ɗin tsakiyarsa tun kafin haihuwa yake samuwa, kuma ba ya sabuntuwa. Sun auna kabon-14 a idanun mata 28, suka wallafa a 2016 cewa babbarsu tana tsakanin shekara 272 da 512.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, macen ba ta haihuwa sai ta kai wajen shekara 150. Duk wadda komar masunta ta kashe kafin nan, ta tafi ba magaji.